Kafin ka biya kuɗin tsohon turampet ko saksofon, duba lambarsa

Mai algaita a ƙofar fadar Zazzau ba ya neman lamba a jikin abin busarsa, kunne ne alƙalinsa. Kayan badujala kuwa, irin waɗanda makarantu da coci-cocin Wusasa da Sabon Gari ke saya a gwanjo, kowanne da lambar da kamfani ya buga masa. A turampet tana jikin bawul na tsakiya, a saksofon tana baya, ƙasan inda babban yatsa ke maƙalewa. Kilarinet a gaɓoɓi biyu ake buga masa; in lambobin suka saɓa, haɗe-haɗe aka kawo maka.

Kowane kamfani da nasa jerin, don haka sai an haɗa lambar da sunan da ke zane a bakin ƙahon kafin shekarar da aka ƙera shi ta fito.

Na Ingila sun fi sauƙin samu, amma a nan tarkon yake. In ka ga Boosey & Hawkes, bai girmi 1930 ba, shekarar da kamfanonin biyu suka haɗe. In Hawkes & Son ne ko Boosey & Co., ya riga ta. Tsufan ba laifi ba ne. Laifin shi ne 'yan badujalar Ingila sun daɗe suna busa da murya mai ɗan tsayi fiye da ma'aunin sauti na 440 da ake bi yanzu, har cikin shekarun 1960. Irin wannan ƙaho, komai ƙyallinsa, ba zai jitu da na abokan busarka ba. Sauke manhajar auna sauti a waya, ka busa a gaban mai kaya.

Na Amurka sun fi faɗin gaskiya. Tsofaffin kayan kamfanin Conn kan zo da L ko H kusa da lambar: ɗauki L, bar masa H, domin H ne mai waccan murya mai tsayi. Turampet ɗin kamfanin Bach mai tambarin Mt. Vernon, garin da aka ƙera shi, na tsakanin 1953 da 1964 ne, masana na rububinsa.

Saksofon Selmer Mark VI na Faransa ya fara fita a 1954, lambarsa ta tashi daga wajen 55,000. Wanda ya ce zai ba ka shi a kuɗin tunkiya, jabu ne ko na wani.

Yamaha fa? Kada ka wahalar da kanka da lissafin shekara, lambar samfuri irin YAS-23 ta saksofon ta fi gaya maka abin da ke hannunka. Ga ɗalibi ko ƙungiyar makaranta, ni shi zan zaɓa, domin kayan gyaransa na samuwa.

Sai batun hunturun Zariya, wanda ba ruwansa da lamba. Kilarinet na katako yakan tsage in iska ta bushe, na roba kuwa ko a jikinsa. Ɗaga gaɓar sama a hasken rana, ka bi tsakanin ramukan da ido kafin a fara ciniki.