Inshorar kare a Ingila: sun biya mana tiyata, amma kuɗin wata ya kusa fin ƙarfinmu

Jama'a wannan sharhi ne akan inshorar da nake biya ma karenmu a nan Leeds, kuma na rubuta ne saboda 'yan uwa da ke zaune a Ingila waɗanda yara suka dame su da a sayo kwikwiyo, ko sun riga sun sayo suna tunanin wace inshora zasu ɗauka. Bazan ambaci sunan kamfanin ba. In taurari ake bayarwa to 3 zan basu cikin 5, biyan da suke yi ya cancanci 5 ɗin cif, farashin ne ya ja su ƙasa.

Ni 'yar Jos ce, gidanmu tun ina ƙarama ba a rasa karen gadi, duk shekara a yi masa allurar haukan kare, wani lokacin ma har cibiyar lafiyar dabbobi ta Vom Baba yake kai shi, a bashi ragowar tuwo da ƙashi shikenan, ba wanda ya taɓa jin wata aba wai ita inshorar kare. To nan ba haka bane. Mutum yana da NHS, wato asibitin gwamnati na kyauta, kare bashi da komai, duk abin da likitan dabbobi ya taɓa a jikinsa daga aljihunka zai fita har da harajin VAT na kashi 20 a kai, kuma dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora maka nauyin nema masa magani in yana ciwo, bazaka ɗaure shi a bayan gida kace Allah ya sawwaƙe ba. Da na faɗa ma yayana a waya nawa nake biya cewa yayi "haba ƙanwata, kuɗin nan ai ya ciyar da gida guda", kuma gaskiya ya faɗa ban yi masa musu ba, sai dai bai san nawa asibitin ke caja ba in babu ita.

Zaki sunan karen, irin karen 'yan sandan nan ne, German Shepherd, mun ɗauko shi yana kwikwiyo a 2017. Tsarin inshorar a nan kusan kala huɗu ne. Akwai ta haɗari kawai, wadda in mota ta buge shi zasu biya amma in cuta ce babu ruwansu. Akwai wadda ke biyan kowace cuta na wata 12 kacal daga nan su cire hannu. Akwai wadda ke ware ma kowace cuta wani adadi, in ya ƙare ya ƙare har abada. Sai ta tsawon rayuwa, ita ce mai tsada, duk shekara kuɗin da suka ware maka yana komawa sabo muddin baka fasa sabuntawa ba, ko da cutar ta shekara biyar tana cin kuɗi. Ita muka ɗauka saboda likitan ya gaya mana tun farko cewa irin wannan karen suna yawan samun matsalar ƙugu da gaɓoɓi in sun girma. Iyakar fam 7,000 a shekara, kuɗin wata fam 31. A lokacin ko a jikinmu.

Bari in fara da alherinsu don suna da shi. A 2021 Zaki yana gudu a fili kawai sai ya tsaya ya ɗage ƙafar baya ta hagu, ya ƙi taka ta kwata-kwata. Aka yi hoto akace jijiyar da ke riƙe gwiwa ce ta tsinke, sai tiyata, irin wadda ake yanka ƙashin a gyara masa zama a sa ƙarfe da kusoshi, TPLO suke kiranta. Da hoton da tiyatar da magunguna da komawa dubiya kuɗin ya haura fam 4,200. Wallahi a watan nan bamu da rabin wannan a ajiye. Asibitin suka tura ma kamfanin takardu tun kafin aiki, kamfanin ya amince a rubuce, suka biya asibitin kai tsaye, mu fam 99 kawai muka bayar wanda shi ne kason da mai kare ke fara biya. Ba jan rai, ba a ce mu kawo wannan mu kawo wancan ba. Har gashin ƙashi da motsa jiki a cikin ruwa da aka yi ta kai shi bayan aikin sun biya. Suna kuma da layin likita ta bidiyo dare da rana cikin manhajarsu kyauta, ya taimake ni sosai ranar da ya haɗiye wani abu da daddare ban san ko in ruga asibitin gaggawa ba, domin asibitin dare a nan tun kafin a taɓa kare ma an caje ka kuɗi mai ciwo. Ga kuma kariya in kare ya ciji wani ko ya jawo haɗari a titi aka kai ka kotu, wannan ma yana ciki, kuma mai babban kare bai kamata ya zauna babu shi ba.

To daga nan ne labari ya canza. Sabuntawar da ta biyo bayan tiyatar kuɗin ya koma fam 58. Na ce to ai sun kashe kuɗi, na haƙura. Sai ciwon sanyin ƙashi ya shiga gwiwar, wanda dama likita yace zai iya biyowa, ya zama kullum yana kan magani, kuɗin yayi ta hawa har fam 96, bana kuma takarda ta zo da fam 141 a wata. Ku lissafa, fam 1,692 kenan a shekara, akan kare ɗaya. Kuma ba a nan ya tsaya ba, da ya cika shekara 8 sai wani sharaɗi ya fara aiki, bayan kason farko da yanzu ya zama fam 150 sai na ƙara biyan kashi 20 na duk abin da ya rage. Misali asibiti ya caji fam 1,000, a cire 150 saura 850, kashi 20 na wannan 170 ne, kenan ni zan biya 320 su su biya 680. Kuma wannan 150 ɗin ba sau ɗaya bane, kowace cuta da nata, kowace shekara kuma a sake. Kunga kenan ina biyan fiye da ninki huɗu na da, amma abin da suke ɗauke min ya ragu.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ba inda zan je. Inshorar mota in ta yi tsada sai ka shiga shafukan kwatanta farashi ka koma wani kamfani cikin minti goma. Na kare in ya taɓa yin wata cuta, sabon kamfani yawanci bazai biya komai da ya shafi wannan cutar ba, kuma zasu nemi duk tarihinsa daga asibiti su karanta layi-layi, ko ɗingishin da aka rubuta shekaru da suka wuce sai su lissafa. Na nemi farashi a wurare da dama, na samu har na fam 70 da wani abu, amma duk sun cire gwiwar hagu, sun cire sanyin ƙashi, da yawa sun cire har gwiwar dama wadda lafiyarta ƙalau, wai in ɗaya ta tsinke ɗayar ma cuta ɗaya ce a wurinsu. To me ya rage? Ainihin abin da nake tsoro shi suka cire. Wasu ma basa karɓar sabon kare in ya kai shekara 8 ko 9. Kamar ɗan haya ne da ya zuba kuɗinsa ya gyara gida, mai gida ya san ba tashi zai yi ba, duk shekara sai ya ƙara.

Na kira su. Yarinyar da ta ɗauka tana da ladabi ba laifi, ta ce shekarun kare, da irinsa, da unguwar da muke, da tsadar asibiti, da kuma abin da muka karɓa a baya duk suna cikin lissafi, amma ta kasa gaya min kowanne nawa ya ƙara, ita ma abin da kwamfuta ta nuna mata take karantawa. Ragin da ta iya yi min bai kai fam 5 a wata ba. Na ɗauka dokar da FCA, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin kuɗi da inshora, ta kawo a Janairun 2022, wadda ta hana a caji tsohon kwastoma fiye da sabo, zata kare ni, ashe ta mota da ta gida kawai ta shafa, dabbobi basa ciki. Ga harajin inshora na kashi 12 da gwamnati ke ɗorawa tun 2017, duk sanda kuɗin ya hau shi ma ya hau.

Don in yi adalci, ba duka laifin kamfanin bane, asibitocin ma sun yi tsada ƙwarai kuma na gani da idona. Asibitin unguwarmu da wani dattijo ke da shi an sayar ma wani babban rukuni, suna bai canza ba, allon ƙofa bai canza ba, ma'aikatan ma su ne, farashi ne kawai ya tashi. Ashe ba mu kaɗai bane. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya, CMA, ta fara duba harkar a Satumban 2023 ta buɗe cikakken bincike a Mayun 2024, ta ce a 2013 kusan kashi 10 na asibitocin dabbobi ne ke hannun manyan kamfanoni, yanzu kusan kashi 60 ne, kuma rukuni shida ne ke riƙe da su. A rahotonta na wucin gadi na Oktoban 2025 ta ce farashin ya hau da kashi 63 tsakanin 2016 da 2023, ta kuma ba da shawarar a tilasta ma asibitoci su bayyana farashinsu da wanda ya mallake su. Sannan tun bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai likitocin da ke zuwa daga can suka ragu, ga na'urori irin su MRI da CT masu ɗaukar hoton cikin jiki da yanzu ake sa kare a ciki kamar mutum. Duk wannan a kan takardar sabuntawa yake sauka. Su likitocin da ma'aikatan jinya kam bani da abin faɗa a kansu sai alheri, yadda suke lallaɓa Zaki in yana rawar jiki a bakin ƙofa sai ka ji daɗi, ba su ke yanka farashin ba.

Akwai ƙananan abubuwa da ya kamata mutum ya sani kafin ya sa hannu. Allurar rigakafi, maganin tsutsa da na ƙuma, fiɗiya, duk ba sa ciki, kai zaka biya. Haƙori kuma a tsarinmu sai in duk shekara likita ya duba ya rubuta kuma ka yi abin da yace cikin lokaci, in ba haka ba su ƙi. Kwana 14 na farko in cuta ta bayyana basa biya. Sannan sabuntawar da kanta take faruwa ta banki, in baka buɗe imel ɗin ba sai dai kaga an cire sabon kuɗi. In kuma sun ƙi biyanka kana ganin zalunci ne, ka rubuta musu ƙorafi, suna da sati 8 su baka amsar ƙarshe, daga nan ka kai ma Financial Ombudsman Service, ofishin da ke raba gardama tsakanin kwastoma da irin waɗannan kamfanoni, kyauta ne ba sai da lauya ba.

Abu ɗaya da ya rage mana nauyi sosai shi ne magani. Kana da damar ka ce likita ya rubuta maka takardar magani ka saya a kantin intanet mai rajista, zasu caje ka kuɗin rubutun amma duk da haka maganin gaɓoɓin Zaki kusan rabin kuɗin asibiti nake samunsa, kuma kamfanin na karɓar rasit ɗin, tunda yanzu kashi 20 nawa ne duk abin da aka rage ni ma na amfana. Masu karɓar tallafin gwamnati kuma su duba ƙungiyoyin agajin dabbobi na PDSA ko Blue Cross, suna duba dabbobi kyauta ko da rangwame in ka cika sharuɗɗa kuma kana yankinsu, mu bamu cika ba.

Maigidana ya kawo shawarar mu daina kawai mu riƙa zuba 141 ɗin a wani asusu daban. Nace masa Baban yara, in da Zaki ɗan shekara ɗaya ne mai lafiya da sai mu zauna mu yi wannan lissafin, amma yanzu in gwiwar dama ta tafi wata uku da farawa, fam 400 da ɗoriya ne a asusun, aikin kuma ya haura 4,000, me zamu ce ma yaran da suka tashi tare da shi? Ni dai bazan iya tsayawa gaban likita ina zaɓa tsakanin kuɗin haya da ƙafarsa ba. Shi ma da ya yi shiru ya duba sai ya yarda.

Wanda bai ɗauka ba tukuna, don Allah kar farashin shekarar farko ya ruɗe ka, shi ne mafi arha da zaka taɓa gani. Ka shiga shafin kamfanin ka sa bayanan karenka amma ka rubuta shekara 8 ko 9 a wurin shekaru, abin da ya fito shi ya fi kusa da abin da ke jiranka, ka tambaye su a rubuce a wace shekara kason kashi 20 ke farawa, kuma ko neman biya yana ƙara kuɗin sabuntawa. Ka yi wannan tun yana kwikwiyo kafin a rubuta komai a fayil ɗinsa, kuma ka duba irin karen tun kafin ka saya, masu gajeren hanci irin French Bulldog da manya irin namu inshorarsu ta fi ta sauran tsada nesa ba kusa ba.

Mun sabunta ta bana. Na yarda aka ɗaga kason farko zuwa fam 250, kuɗin wata ya sauko zuwa 124. Sun kuma ce zan iya rage iyakar daga 7,000 zuwa 4,000 ya ƙara sauka, amma in na rage bazasu bari in mayar ba akan cututtukan da yake da su, shi yasa ban taɓa wannan ba sai na zauna da likitansa a dubiya ta gaba ya gaya min yadda yake ganin gwiwar dama.