Ajin horon tattara hankali a Mabera: ra'ayin mai ADHD

Ajin da wata malama masaniyar halayyar ɗan Adam ke yi wa ɗalibai kowace Asabar a unguwar Mabera da ke Sakkwato ya ci kuɗinsa, amma kada wani ya je da tunanin za a raba shi da ADHD, wato larurar kasa tsayar da hankali wuri ɗaya da yawan rashin natsuwa. Ni ɗan aji uku ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ne ya tabbatar mini da larurar, bayan ya bi diddigina har firamare, don sai alamun sun fara kafin shekara 12 ake ƙirga su. A gida kuwa rawar kai kawai ake cewa.

Tsarin na mako 8 ne, irin wanda Jon Kabat-Zinn ya soma a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979. A asalinsa minti 45 ake so ka zauna kullum. Malama ta san ba mai iya wannan a cikinmu, sai ta mayar da shi minti 3 zuwa 5, kuma nan ta burge ni. Da ka shiga, waya ta tafi kwando a bakin ƙofa. Ka zauna, ka bi iskar da ke shiga hancinka. Kafin numfashi na huɗu na isa kasuwar Kara, na dawo ta kan bashin da ake bina. Da na yi mata ƙorafi sai ta ce, "Ƙanena, ai tafiyar ba laifi ba ce, ka dai lura ka dawo."

Abin da na samu ke nan. Da, sai malami ya goge allo nake farga cewa tun tuni ba na cikin lacca. Yanzu ma ina tafiya, sai dai ina kama kaina da wuri. Atisayen tafiya ya fi karɓata: daga hostel zuwa ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo, hankalina na kan tafin ƙafata. Baba ya tambaye ni ko ba bautar Indiyawa ba ce. Tushen abin daga addinin Buddha ne, gaskiya, amma a ajin nan ba a karanta komai, ba a kiran kowa.

Inda ta gaza: kwanciya kan tabarma ana bin gaɓoɓin jiki ɗaya bayan ɗaya, bayan azahar, cikin zafin Afrilu, ga shi ba wuta. Minshari kawai ke tashi. Sautin da take tura mana don atisaye a gida kuma duk Turanci ne, da muryar wani bature mai jan magana. Ga kuɗin kabu-kabu daga Dundaye, inda jami'armu take.

Ta ja kunnenmu kada mai shan maganin ADHD irin su methylphenidate ya daina sai da izinin likitansa. Wanda zai je, ya nemi ajin safe, ya riƙe ruwansa.