Injin les, injin milin ko dirila: wanne za ka fara saya?

Duk mai sha'awar aikin ƙarfe a gida, ranar da magagari da zarto suka gaza masa, wannan tambayar ce take fara zuwa masa. Kuɗin kuwa ba kasafai yake isa a sayi duka uku ba. Ni dai ra'ayina a fili yake: a fara da les, a kuma zaɓi mafi nauyin da aljihu da ɗakin aiki za su iya ɗauka.

Bambancinsu ba shi da wuyar ganewa. A les, ƙarfen da ake aiki a kansa ne yake juyawa, wuƙar tana tsaye tana cinsa, shi ya sa duk abu mai zagaye nasa ne: bushin, sandar fanka, zaren noti. A milin kuwa wuƙar ce take juyawa, ƙarfen na ɗaure a kan tebur ana tura shi, don daidaita fuska ko yanka kwari. Dirila ta tsaye huda kawai ta sani.

A nan ne mutane da yawa suke yin asara. Sai mutum ya sayi dirila saboda arha, ya ɗora mata tebur mai tafiya, ya ce ai ya samu milin. Ba a yi ta don haka ba. Kan da ke riƙe bakin huda matsewa kawai aka yi, babu sandar da ke janye shi daga sama kamar yadda take a milin. Idan nauyi ya zo daga gefe, kan yana iya sullewa yana tsaka da gudu, ga wuƙa mai kaifi a bakinsa, ga hannunka a kusa. Don Allah kada ka gwada.

Ƙananan injinan les da suka cika kasuwa, waɗanda ake kira 7x12 da 7x14, galibi daga Sin suke, da yawansu ƙirar kamfanin Sieg ne na Shanghai, fenti da suna kawai dillalai suke canzawa. Lambar farko faɗin abin da injin zai iya juyawa ne a inci, ta biyu tsawonsa. Nauyinsu wajen kilo 40 ne, mutum biyu sun ɗora shi kan benci. Suna cin alminiyam da tagulla lafiya, baƙin ƙarfe kuma sai da lallami, kaɗan-kaɗan. Rauninsu biyu ne da ya kamata ka tambaya kafin ka biya: wasu giyoyinsu na roba ne, suna karyewa idan wuƙa ta cije, sannan allon lantarkin da ke sarrafa gudu ba ya son wuta mai hawa da sauka. Mai aiki da janareta ya sa kuɗin sitabilaiza cikin lissafi. Ƙaramin milin na Sieg X2 shi ma yana da wannan matsalar giya, har masu shi kan mayar da shi na bel.

Zaɓi na biyu tsohon inji ne na Ingila, irin Myford ML7 da aka fara ƙerawa a 1946, ko Colchester da Harrison da makarantun koyon sana'a suka daɗe suna amfani da su. Raina ya fi kwantawa da waɗannan, domin nauyin zubin ƙarfensu yana shanye girgiza, aikin ya fito sumul. Amma tsoho sai da bincike. Je da ma'auni, ka duba gadon da keken wuƙa ke tafiya a kai, musamman kusa da kan injin inda aka fi aiki. Idan keken yana lilo a nan amma yana cijewa a can ƙarshe, gadon ya cinye, gyaransa kuwa yana iya fin kuɗin injin. Ka ƙirga giyoyin yanka zare, don idan sun ɓace samunsu wahala ne. A wuri irin Panteka ta Kaduna, ka tafi da wanda ya daɗe a sana'ar, idonsa zai ga abin da naka ba zai gani ba.

Maganar wuta kuma ba ƙarama ba ce. Tamu a Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, saboda haka injin da aka yi don kasuwar can sai da taransifoma. Manyan injinan milin irin Bridgeport, mai nauyin kusan tan ɗaya, yawanci wuta mai layi uku suke so, abin da gidaje kaɗan ke da shi.

Injin nan mai haɗa les da milin da dirila a jiki ɗaya fa? Yana rage cin wuri, amma ɓangaren milin ɗinsa ba shi da ƙarfi, kuma kullum kana cikin kwancewa da ɗaurawa. Sai dai idan ɗakin ne ya matse ƙwarai.

A Amurka da yawan masu sayen ƙananan injinan nan gyaran bindiga suke yi da su don sha'awa, za ka kuma ci karo da bidiyonsu a YouTube. Dokarsu daban, tamu daban. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera ko gyara bindiga ba da izinin hukuma ba, hukuncin kuwa ɗauri ne. Aikin halal da ke jiran les ya isa: kayan babur, injin markaɗe, famfon ban ruwa.

Kada ka zuba duk kuɗinka a inji. Ware kusan rabi don kayan haɗi: kalifa ta auna faɗi da kauri, maikuromita mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, agogon gwada daidaito, mamatsi mai kyau, da gilashin kare ido. Wajen wuƙaƙe, ƙaramin inji ya fi jituwa da na HSS, wato ƙarfe mai tauri da ke jure zafin yanka, waɗanda za ka wasa da kanka a dutsen garanda, fiye da na kabaid masu tsada da ke ɓantarewa da zarar inji ya yi girgiza.