Inji Ya Buga: A Ɗaure Shi, A Sa Na Beljiyam, Ko A Rabu Da Motar?

Kafin a gama janyo motar zuwa gareji, dillalai sun riga sun ji labari. Wannan ya ce, "Alhaji, rabu da ita, ai ta gama yi maka aiki." Bakanike kuma ya ce, "Maigida, ɗan gyara ne, bar min ita." Kowa da abin da yake hange, ɗaya la'ada, ɗaya kuɗin aiki, kuma ba laifi ba ne tunda sana'arsu ke nan. Kai dai kada ka yanke hukunci a ranar, rai a ɓace. Bari a buɗe injin tukuna, domin ba duk injin da ya tsaya ne ya mutu ba.

A nan Katsina yawancin abin zafi ne ke jawo shi. Daga Maris zuwa Mayu rana kan wuce digiri 40, lagireto ya sha ruwan rijiya har tsatsa ta toshe shi, fanka ta daina juyawa, direba kuma bai kalli allurar zafi ba sai da tururi ya tashi tsakanin Mashi da Daura. Irin wannan gasket yake ƙonawa, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, wani lokaci kan injin ya ɗan lanƙwashe. Buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka duba: idan ka ga man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Farin hayaƙi mai kauri a salansa ma alamarsa ce. Wannan ciwon na sama ne. A sauke kan injin, a kai wa masu injin gogewa su daidaita fuskarsa, a sa gasket mai kyau, mota ta koma hanya. Wanda ya sayar da motarsa a kan wannan ya yi wa mai saye kyauta.

Haka abin yake ga Peugeot 406 da 'yan uwanta masu amfani da bel ɗin taimin. Idan bel ya tsinke ana cikin tafiya, fistin kan doki bawul ya lanƙwasa su, mota ta mutu nan take kamar ba za ta sake tashi ba, alhali galibi ƙasan injin lafiya lau yake. Corolla mai injin 1ZZ da Honda Accord mai K24 sarƙa suke amfani da ita, shi ya sa ba kasafai ake jin wannan matsalar a wurinsu ba.

Bugawar gaske ita ce ta ƙasa. Baƙin mai ya ƙare, ko famfon mai ya gaza, ko an daɗe ana zuba gurɓataccen mai na gefen titi. Za ka ji ƙwas-ƙwas mai nauyi daga ƙasa wanda ke ƙaruwa idan ka taka totur. Sa a kwance kaskon mai a gabanka, ka sa yatsa a cikin abin da ya kwanta. Idan ka ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli, mital, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa, ya cinye, mai yiwuwa karanshaf ɗin ma, sandar da fistin ke juyawa, ya ji ciwo. Sannan a sa sifana a gwada juya injin da hannu. In ya ƙi motsi ko kaɗan, ya cije. In kuwa har sandar fistin ta huda bulok, to babu sauran maganar gyara, sai dai wani injin.

To a nan ne zaɓi ya rabu.

Ɗaure inji, wato a wargaza shi a sa sabon ringi da mital da gasket, a yanka karanshaf idan ya buƙata, shi ne abin da bakanike zai fi so, kuma a baki ya fi araha. Da can da Peugeot 504 da 505 suka cika gari, hakan ake yi kuma yana ɗorewa, don injinan masu sauƙi ne, kayansu na asali kuma ana samu. Yanzu matsalar biyu ce: kayan jabu sun yi yawa, kwali iri ɗaya da na asali, sannan aikin yana son awo na ƙa'ida. Injinan zamani masu jikin alminiyam ba sa yafe kuskure. Idan aka ɗaure kusoshin kan inji da ƙarfin damtse kawai ba da sifanar awo ba, bayan 'yan watanni za ka sake ganin ruwa a cikin mai. Kuma kuɗin ba ya tsayawa inda aka faɗa. Yau a ce fistin ɗaya ya tsage, gobe a ce famfon mai ma sai an canza. Ni a ganina, ɗauri yana da ma'ana ne kawai idan bulok da karanshaf sun tsira, kuma kana da bakaniken da ka ga injin da ya ɗaure yana yawo shekara da shekaru. Tambaye shi ya nuna maka motar, ka yi magana da mai ita.

Injin Beljiyam, wanda aka ciro daga motocin da suka gama aiki a Turai ko Amurka ko Japan, shi ne abin da zan fi ba mai Corolla, Vibe, Civic, Golf ko Sharan shawara a kai idan bugawar ta ƙasa ce. Ana samun wasu a cikin gari, amma babbar kasuwarmu ita ce Ƙofar Ruwa a Kano, tafiyar wajen kilomita 170, su kuma da yawa daga Ladipo ta Legas suke sarowa. Amfaninsa shi ne yadda kamfani ya ɗaure shi haka yake, hannun kowa bai shiga cikinsa ba, idan dai na gaskiya ne. Domin akwai injin da ya gama wahala a nan gida, aka wanke shi da fetur, aka fesa masa fenti, aka jera shi cikin na waje. Kada ka aika, ka je da bakanikenka. Dubi kan kusoshi ko sifana ta taɓa cin su, dubi gefen kaskon mai ko akwai sabon gam da ya tsattsafo, kwance filogi ka ga ko sun jiƙe da mai, leƙa ta murfin mai ka ga ko ciki ya yi baƙin daskare. Injin da ya yi tsaf fiye da kima abin zargi ne. Kafin ka biya, a rubuta a rasit kwana nawa aka ba ka na gwaji, da lambar injin, da sharaɗin canji idan ya yi hayaƙi ko ƙara. Ga mutumin Daura ko Mai'aduwa wannan ya fi muhimmanci, don kwanakin gwaji na iya ƙarewa a hanya da jiran bakanike. Nemi a fara ƙirga daga ranar da aka tayar da shi. Rasit ɗin nan ka adana shi tare da takardun mota, saboda lambar injin da ke takardunka ta canza ke nan.

A tabbatar kuma injin ya dace da na motarka har lambarsa. Pontiac Vibe da Toyota Matrix da Corolla na 2003 zuwa 2008 da yawansu 1ZZ ɗaya suke amfani da shi, wannan ya sa nasu ke da sauƙin samu. Amma da zarar an ce maka "ai za mu yi dabara ya shiga," ka san za a taɓa wayoyi da na'urar da ke sarrafa injin, daga nan kuma kai da mai gyaran waya kun ƙulla zumunci. Mai Camry mai injin 2AZ, musamman na 2007 zuwa 2009, ya sani cewa an san wannan injin da shan mai, don haka na Beljiyam ɗin ma yana iya zuwa da halinsa.

Ko wanne ka zaɓa, a gyara abin da ya kashe na farko. Sabon inji a kan tsohon lagireto da matacciyar fanka asarar kuɗi ce kawai.

Sai maganar sayarwa. Lissafin ba shi da wuya, lamba uku kake nema: nawa motar za ta yi idan tana da lafiya, nawa ake taya ta a yadda take, nawa gyaran zai ci gaba ɗaya har da kuɗin janwe, mai, da aikin bakanike. A ce, misali, irinta mai lafiya miliyan 4 ce, an taya taka miliyan 2 da rabi a mace. Giɓin miliyan 1 da rabi ne. Idan gyara bai kai haka ba, gyara ya fi, ko da niyyarka ka sayar daga baya. Mai sayen matacciyar mota yana cire kuɗin inji, ya cire ribarsa, ya kuma cire kuɗin abin da yake tsoron zai tarar, tunda ba zai iya tuƙa ta ya ji giya ba. Duk a jikinka suke fita.

Akwai lamba ta huɗu da mutane ke mantawa: da me za ka maye gurbinta? A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, wanda ya taɓa harkar 'yan Kwatano da ke biyowa ta Maraɗi da Jibiya, sannan faɗuwar naira tun 2023 ta ɗaga farashin duk abin da ake sayowa da dala. Kuɗin matacciyar motarka da wuya su saya maka wadda ta kai ta. Abin da za su saya shi ne wata tsohuwar da ba ka san tarihinta ba, wadda wataƙila mai ita ma guduwa yake daga injinta.

Duk da haka akwai motar da ban ga dalilin zuba mata kuɗi ba. Idan giya tana fizga ko tana jinkirin shiga, ga inji ya tafi, manyan gabobi biyu ke nan. Idan ta taɓa yin mummunan hatsari shasi ya karkace har tana cin taya ta gefe ɗaya, sabon inji ba zai miƙar da ita ba. Idan ba ta da takardun kwastan, kullum a cikin fargaba kake a hanyar Kano, kuma farashinta a ƙasa yake ko da lafiyarta. Haka motar da ba ta da 'yan uwa a gari, wadda ko fitilarta sai an yi waya Legas. Irin waɗannan, karɓi tayin da ya fi ka huta. Idan ta tsufa sosai, tambayi masu sayar da kayan gyara kafin 'yan gwangwan. Su na farko giya da ƙofofi da fitilu suke gani, na biyun kuwa nauyin ƙarfe kawai suke saye.

Wata dabara da ake yi, a zuba mai mai kauri ko wani sinadari don ƙarar ta lafa na kwana biyu a kai kasuwa, wannan algus ne. Hadisin "wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu" sananne ne, kuma a fiƙihun Malikiyya mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Katsina kuma ba ta da girman da za ka ɓace wa mutum. Faɗi abin da ya sami injin, a rubuta shi a takardar ciniki gaban shaidu biyu, a sa lambar shasi da ta inji, kowa ya riƙe kwafi. Ka kuma matsa a canza sunan mai mota a takardu da wuri, don idan aka yi wani abu da ita sunanka yana kai, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.