Wata shida ina aiki da LibreOffice a shago, ga abin da na gani kan maganar kala

Ni dai shagon taifin da firintin gare ni nan Kabuga, aikinmu furojet ɗin ɗalibai ne da katin biki da takardun Islamiyyu. Yaron shagona ne ya saka min LibreOffice, manhajar rubutu irin Word, a kwamfuta tunda kyauta ce, na ce to bari mu gani.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, wani malamin Islamiyya ne ya kawo littafin walimar sauka, shafi wajen 40, duk kanun mun yi su kore, mun gama tsaf sai ga shi bayan la'asar wai Alhaji, kwamiti sun ce shuɗi suke so irin na yunifom ɗin yara. Da a da ne wallahi sai na bi kai ɗaya bayan ɗaya ina gyarawa har a ɗauke wuta. Amma tun fitowar LibreOffice 7.6 a 2023 sun saka Theme, wato tsarin kalolin takarda, a ƙarƙashin Format, kala 12 ne a ciki, huɗu na rubutu da bango, shida na ado, biyu na link, irin dai tsarin da Word ta zo da shi tun Office 2007. Da yake daga cikinsu yaron ya ɗebi koren, sau ɗaya na canza, littafin gaba ɗaya ya koma shuɗi, Malam ko lemonsa bai shanye ba.

A ganina haka ya kamata, kala ta zauna a jikin takarda ta bi ta duk inda filashi ya kai ta, kada kwamfutar da aka buɗe ta ce za ta zaɓa mata. Sai dai fa nan na yi wauta, koren da ke layin bajin makarantar shi ma ya bi sahu ya zama shuɗi, don daga cikin sha biyun nan aka ɗauko shi. Laifina ne. Abu irin baji ko tuta lambar kalarsa ake rubutawa da hannu, ita ba ta motsi ko an canza tsarin sau goma.

Abin da nake fata a ƙara, manhaja ta riƙa yi wa mutum gargaɗi. Sikirin da haske yake haɗa kala, ja da kore da shuɗi, firinta kuwa da tawada, shi ya sa koren da ke ƙyalli a fuskar kwamfuta yake fitowa da duhu a takarda. Kuma yawancin kwastomominmu baƙi da fari suke bugawa saboda tsadar tawada, ɗalibi ya yi jadawali da ruwan ɗorawa, in ya fito kamar ba a yi komai ba, ja da kore kuma su zama toka iri ɗaya, sai ya tsaya yana kallona kamar ni na cinye masa.

Yanzu kafin na buga komai sai na fitar da PDF, na gwada shafi ɗaya a ƙaramar firinta, mai aiki ya gani da idonsa ya ce a ci gaba.