Wata takwas ina gudu da takalmin rake da bishiyar turare

Kwatar unguwarmu ce ta sa na fara tunanin irin takalmin da nake sawa. Daminar bara da muka fito yashe ta, in ka cire ledar fiya wata da robobin lemo, ba abin da muka fi kwasowa kamar tsofaffin takalma, silifas da kambas da soson da ya rabu da samansa. Ko ɗaya bai ruɓe ba. Raina ya sosu, don ni ma ina da hannu. Tun da likita ya ce in riƙa motsa jiki saboda hawan jini, kambas uku masu araha na kashe cikin shekara biyu, duk kuma bola suka tafi.

Da na shiga bincike sai na ci karo da aikin da masana na jami'ar MIT ta Amurka suka fitar a 2013. Sun lissafa cewa takalmin gudu ƙafa biyu yana jawo fitar iskar kabon mai ɗumama yanayi kusan kilo 14, kuma fiye da kashi biyu cikin uku daga masana'anta yake fitowa, wajen narka roba da gasa soso da haɗa gutsattsari 65. Wato kafin ka ɗaura igiyarsa an riga an yi yawancin ɓarnar.

Da wannan a raina na zaɓi Tree Dasher na kamfanin Allbirds, wanda ya fito a 2020. Ƙanena da ke karatu a Landan ya sayo, ya taho mini da shi a jakarsa. Samansa saƙa ce ta zaren da ake samu daga bishiyar turare, irin dai wadda muke gani an jera a bakin hanya. Soson tsakiya da rake aka yi shi, na Barazil. Bayan dunduniya akwai ulun tumakin merino, igiyar daga tsofaffin robobin ruwa, shimfiɗar ciki kuma da man zurma a haɗinta. Abin da ya fi burge ni shi ne a lokacin kamfanin yana bayyana adadin kabon na kowane kaya da ya yi, na wannan kilo 9. Ko ba komai an ba ka abin da za ka kwatanta, ba koren ganye kawai aka zana a kwali ba.

To, a ƙafa fa? Ina fita bayan sallar asuba, kwana huɗu a mako, kilomita biyar-biyar, daga Gadon Ƙaya in nufi Kabuga in dawo. Daga Oktoba zuwa yanzu wayata ta ƙirga mini sama da kilomita 600. Tun ranar farko bai cije ni ba, ban yi bororo ba. Gabansa yana da faɗi, yatsu suna sakewa, abin da mu da muka tashi da silifas muke buƙata ƙwarai. Soson ba mai lotsawa ba ne, yana da ɗan tauri, ƙafa tana zama daram a kan kwalta. An yi shi ne don gudun yau da kullum irin nawa. Mai shirin tseren gudun fanfalaki na Legas ya nemi wanda aka ƙera don tsere.

Inda na fi gode masa shi ne watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kamawa tun kafin rana ta fito. Iska tana ratsa saƙar, in na cire shi ƙafata ba ta jiƙe sharkaf kamar da ba, warin nan da ke sa a ajiye takalmi a tsakar gida ma babu shi sosai. Da hunturu kuwa ƙura ta shige shi kamar yadda take shiga duk wani abu mai saƙa, sai na riƙa cire shimfiɗar ina wanke shi da ruwan sanyi, in shanya a inuwa. Kada ka sa shi a rana, manne ba ya son zafi.

Akwai abin da ya kamata mai saye ya sani. Soson rake har yanzu soso ne. Asalinsa ne ya bambanta, daga gona maimakon rijiyar mai, amma in ya faɗa kwata zai zauna kamar 'yan'uwansa. Shi ya sa na daina tambayar "da me aka yi shi" ita kaɗai, na ƙara da "kilomita nawa zai kai ni". Kambas uku a shekara biyu ko ɗaya mai ƙarko, lissafin ba ya buƙatar malami. Kuɗinsa kam yana da nauyi da canjin yanzu, ba zan ɓoye ba. Wanda aljihunsa bai kai ba, ya leƙa gwanjon Ƙofar Wambai da safe, ya danna soson da babban yatsa, ya duba ko dunduniyar ta ci gefe ɗaya. Takalmin da aka riga aka ƙera, ba a kunna wata masana'anta saboda kai ba.

Makon jiya na lura gefen dunduniyar dama ya fara ci, don da can nake taka ƙasa. Na kai wa dattijon da ke gyaran takalmi a bakin layinmu. Ya juya shi, ya matsa saman, ya ce, "Malam, wannan ai bai mutu ba, ƙasan kawai zan ɗora wa."

Na ce, "Baba, a yi shi siriri, kada ya karkatar mini da ƙafa, kuma a yi duka biyun su daidaita."

Ya yanko roba siririya ya manna, ya goge gefen. Na yi gudu uku da shi tun daga nan, gwiwata ba ta ce komai ba. Masana harkar gudu suna cewa tsakanin kilomita 500 da 800 soson takalmin gudu ke gajiya, don haka ina sa ran ya kai ni tsakiyar damina. Daga nan zai koma na zuwa kasuwa da gona, na gudun kuma irinsa zan sake nema.