Mun je ganin muƙamuƙin Megalosaurus a gidan tarihin Jami'ar Oxford

To jama'a bari in ba ku labarin zuwanmu gidan adana kayan halittu na Jami'ar Oxford a Ingila, wanda ke kan titin Parks Road. A 2024 muka je ni da matata da yaronmu, shi ne ma ya matsa mana don duk duniya ba abin da yake so kamar dainoso, wato dabbobin nan na zamanin da can da suka ɓace daga doron ƙasa. Shiga kyauta ne ba ko sisi, sai dai in ka ga dama ka jefa wani abu a akwatin gudunmawa.

Tun daga waje a kan ciyawa za ka ga sawun ƙafar wani dainoso mai suna Megalosaurus a jere, yaron nan sai da ya tattaka su ɗaya bayan ɗaya kafin ya yarda mu shiga. Ginin kansa tun 1860 aka buɗe shi, rufin duk gilashi ne a kan ginshiƙan ƙarfe, haske ko ina, in kana son hoto mai kyau to ka samu. A tsakiyar zauren ga ƙwarangwal ɗin T. rex da na Iguanodon tsaye, kowa can yake tururuwa da waya a hannu. Amma fa waɗannan kwafi ne aka zuba, ba ainihin ƙashin ba, da farko na ɗan ji wani iri wlh, na ce ashe duk wannan tafiyar kwafi muka zo kallo.

Sai da na isa wajen muƙamuƙin Megalosaurus na canza ra'ayi. Abu ne ɗan ƙarami, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, ruwan ƙasa-ƙasa, haƙori guda ya miƙe sama a lanƙwashe kamar wuƙar mahauci, wasu ƙananan suna leƙowa daga gindi. In ba ka karanta bayanin ba sai ka wuce shi ka ɗauka wani guntun dutse ne. Alhali shekarunsa kusan miliyan 166, a mahaƙar dutse ta ƙauyen Stonesfield kusa da Oxford aka tono shi, kuma Megalosaurus ɗin shi ne dainoso na farko da masana suka raɗa wa suna, William Buckland ya sa masa sunan a 1824, ma'anarsa babban ƙadangare. Lokacin ko kalmar dainoso ɗin ma babu ita sai 1842 Richard Owen ya ƙirƙiro ta. Zanen ƙasusuwan kuma Mary Morland ce ta yi, wadda daga baya ta zama matar Buckland ɗin.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda suke lallaɓa abin nan kamar ƙwai. Shekara 200 yana hannunsu, mutanen da can sun ɗinke inda ya karye da filasta suka shafe yadda ido ba zai gane ba, to a 2017 sai masana daga Jami'ar Warwick suka sa shi a na'urar sikanin irin wadda ke ganin cikin jikin mutum a asibiti, ba tare da an fasa ko an kankare komai ba, suka ware inda ƙashi yake da inda filasta take, har suka hango haƙora 5 a ɓoye a ciki da ba wanda ya taɓa gani. A nan na gane hikimar kwafin, abin da in ya faɗi ya fashe shikenan ba wani a duniya, ai ba ka bar shi a fili yara suna shafawa ba. Sun dai ware wasu abubuwan da aka yarda a taɓa, yaron can ya huce haushinsa.

Ina tsaye a wurin sai Gadoufaoua ta faɗo min a rai, can cikin hamadar yankin Agadez a Nijar inda aka tono dainoso Nigersaurus mai haƙora sama da 500, irin wannan kulawar nake yi wa namu fata.

Shawarata in za ku je ku sammaka, ƙarfe 10 suke buɗewa, kuma ku bar mota ku hau bas don wurin fakin a tsakiyar Oxford wahala ne. Awa biyu ta ishe ku, in da sauran ƙarfi ƙofar gidan tarihin Pitt Rivers tana nan daga bayan zauren, mu dai yunwa ce ta koro mu ba mu leƙa ba.